Ciwon rashin tsayawar jini: an gwada sabbin allurai sun yi aiki, saura su iso gare mu

Cikin wata 6 kacal, daga Oktoba na 2024 zuwa Maris na 2025, hukumar da ke ba da izinin saida magani a Amurka ta amince da sabbin allurai guda 3 na rigakafin zubar jini ga masu ciwon da lokotoro ke kira emofili, wato ciwon rashin tsayawar jini. Bayan haka kuma, a watan Satumba na 2025, ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta saka wata allurar da ta girme su, mai suna emicizumab, cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Wannan labari bai yi amo a kasuwanninmu ba, kuma ba mu ga laifin kowa ba, tunda mafi yawanmu ko sunan ciwon ba mu taɓa ji ba. Amma fa rashin sanin sunan abu bai hana shi zama cikin gida. Akwai iyalai a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai waɗanda suka rufe ɗiyansu maza ɗaya bayan ɗaya, wannan bayan kaciya, wancan bayan faɗuwa ƴar kaɗan, suka ɗora abin ga maita ko iska ko bakin mutane, alhali kuwa ciwo ne da aka sani, aka auna, yanzu kuma ake iya tare shi kafin ya yi ɓarna.

Abin da muke son dubawa yau shi ne: mene ne waɗannan gwaje-gwaje suka nuna, nawa ne farashin abin, kuma me ya rage a kanmu mu yi in muna son ɗiyanmu su samu rabonsu.

Wane irin ciwo ne wannan?

In mutum ya yanke, jininsa yakan daskare ya toshe bakin raunin cikin ƴan mintoci. Wannan aiki wasu sinadarai ne da ke cikin jinin suke yin shi, kuma masana sun ba kowanensu lamba. Suna aiki ne kamar ƴan dako da suka yi layi suna sauke buhuna daga babbar mota, wannan ya miƙa wa wannan. In mutum guda ya rasa a tsakiyar layin, kaya sun tsaya. Wanda aka haifa babu sinadari mai lamba 8, shi ke da emofili A, kuma shi ya fi yawa: wajen ɗa namiji 1 cikin 5,000 da ake haifa. Wanda ya rasa mai lamba 9, shi ke da emofili B, wanda bai kai na farko yawa ba.

Ciwon gado ne, kuma ta wajen uwa yake bi. Uwa na ɗauke da shi ba ta sani ba, kowane ɗa namiji da ta haifa yana tsakanin ya ɗauka ko ya kuɓuta, rabi da rabi. Namijin da ke da ciwon ba ya ba ɗiyansa maza, amma dukan ɗiyansa mata za su ɗauke shi su kai gaba. Shi ya sa in ana bin sawunsa, wajen kawunnai ake dubawa, ba wajen baffanni ba. Haka kuma wajen kashi 1 cikin 3 na masu ciwon, babu wani a danginsu da aka taɓa sani da shi, a kansu ya fara. Don haka babu dalilin zargin mace ko yi mata gori, ba ita ta zaɓa ba. Kada kuma a haɗa shi da amosanin jini, wanda sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi yake fitowa. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban.

Mutane na zaton haɗarin yana ga yankan wuƙa ko reza. Gaskiya ne, amma babbar ɓarnar a ɓoye take. Jinin yakan zuba cikin gaɓoɓi, gwiwa, gwiwar hannu da idon sawu, ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, yaro ya kwana yana kuka. In abin ya yi ta maimaituwa, gaɓar ta lalace, saurayi ɗan shekara 15 ya koma tafiya da sanda. In kuwa cikin kai jinin ya zuba, sai dai wani ikon Allah. Ciwon ba sabo ba ne: tun shekaru 1,000 da suka wuce, babban likitan nan na Andalus, Az-Zahrawi, ya ba da labarin wasu maza da ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni.

Daga jiran zubar jini zuwa tare shi

Shekaru da dama maganin da ake da shi guda ne: a jira sai jini ya ɓalle, sannan a ɗura wa mutum sinadarin da ya rasa ta jijiya. Likitocin ƙasar Suwidin ne suka fara cewa, tun wajen 1958, me zai hana a riƙa ba yaro sinadarin a kai a kai tun kafin jinin ya zuba? An daɗe ana gardama saboda tsada, har zuwa 2007 da aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan yara maza 65. Waɗanda aka riƙa yi wa rigakafi, kashi 93 cikin 100 gaɓoɓinsu lafiya lau suke da suka kai shekara 6. Waɗanda ake jira sai jini ya zuba, kashi 55 ne kawai suka tsira da gaɓoɓinsu. Daga nan magana ta ƙare, rigakafi ya fi magani.

Sai dai wannan rigakafi na da wuyar gaske. Sai an nemo jijiyar ƙaramin yaro sau 2 ko 3 kowane mako, shekara da shekaru. Ga kuma wata matsala: wajen yaro 3 cikin 10 masu ciwon A mai tsanani, jikinsu yakan ɗauki sinadarin da ake ɗura musu a matsayin baƙo, ya kashe ƙarfinsa, maganin ya daina yi musu aiki gaba ɗaya.

Akwai kuma baƙin tarihi da bai kamata a manta ba. A shekarun 1970 da 1980, daga jinin dubban mutane ake tace wannan sinadari, sai ƙwayoyin cutar sida da na ciwon hanta suka bi ta ciki. A Faransa masu emofili sama da 1,000 suka kamu da sida ta wannan hanya, har kotu ta yanke wa shugaban cibiyar ƙarin jini ta ƙasar, Mishel Gareta, ɗaurin shekara 4 a 1992. A Ingila, rahoton binciken da aka fitar a watan Mayu na 2024 ya ce mutum sama da 30,000 suka kamu ta hanyar gurɓataccen jini da magungunan da aka yi da shi, wajen 3,000 suka rasu. Tun daga lokacin masu wannan ciwo a can ba su karɓar sabon magani ido rufe, kuma da gaskiyarsu.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Kafin a ba magani izini, hawa-hawa ake gwada shi. Da farko mutane ƙalilan, don a ga ko yana cutarwa. Sannan a nemi adadin da ya dace. A ƙarshe a raba masu ciwo kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗannan a ba su sabon, waɗannan su zauna kan abin da aka saba, a yi ta ƙirga sau nawa jini ya zuba wa kowane kashi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan hikima: ba a yabon hatsi sai an sa tsinke an buɗa buhu, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allurar emicizumab, wadda ake saidawa da sunan Hemlibra, kamfanin Chugai na Japan ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Roche na Suwis ke yaɗa ta. Ita ba sinadari mai lamba 8 ba ce, aikinsa kawai take yi. Aikin mai lamba 8 kuwa dillanci ne: ya kamo hannun mai lamba 9 ya haɗa shi da na mai lamba 10. To wani dillalin aka samo, wanda jiki bai gane shi ba balle ya kore shi. A gwajin da aka bayyana a 2017, kan mutum 109 waɗanda tsohon maganin ya daina yi wa aiki, waɗanda ba su samu allurar ba jini ya zuba musu wajen sau 23 a shekara, waɗanda suka samu kuwa wajen sau 3. A gwaji na gaba, na 2018, kan mutum 152, zubar jinin ya ragu da kashi 96 cikin 100. Wanda sunansa ke kan gaba a wannan aiki na biyu ɗan Afirka ne, farfesa Joni Mahlangu na birnin Johanasbag. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ba a jijiya ake yin ta ba, ƙarƙashin fata ne, sau ɗaya a mako, ko a mako 2, ko ma a mako 4. Uwa na iya koyon yi wa ɗanta da kanta. Amma masu ciwon A kaɗai take yi wa aiki.

Sabbin guda 3 kuwa wata dabara suka bi. Jikin mutum na da abin da ke sa jini ya daskare, yana kuma da abin da ke hana shi daskarewa fiye da kima, kamar sikeli mai faranti biyu. Mai emofili farantinsa guda ya yi sauƙi. Maimakon a ƙara wa maras nauyin, sai aka ce a rage wa mai nauyin har sikeli ya daidaita. Wannan dabara na yi wa masu ciwon A da na B aiki duka. Ta kamfanin Pfizer, mai suna Hympavzi, wadda aka amince da ita a Oktoba 2024, sau ɗaya ake yin ta a mako. Ta kamfanin Novo Nordisk na Danmak, Alhemo, da ta samu izini a Disamba 2024, kullum ake yin ta da wani abu kamar alƙalami irin na masu ciwon sukari. Ta kamfanin Sanofi na Faransa, Qfitlia, da aka amince da ita a Maris 2025, ana iya yin ta sau ɗaya a wata 2, wato sau 6 a shekara. Dukansu, lokacin da aka ba su izini, na ƴan shekara 12 zuwa sama ne.

Kada a ɗauka hanyar ta zo da sauƙi. Mai rage wa faranti nauyi yana iya zarcewa, jinin da ba ya daskarewa ya koma daskarewa inda bai kamata ba. A 2017 wani mai ciwon da ke cikin gwajin allurar da ta zama Qfitlia ya rasu bayan jini ya daskare masa a jijiyar ƙwaƙwalwa, aka dakatar da aikin. Aka sake dakatar da shi a 2020, sai da aka rage adadin da ake bayarwa kafin a ci gaba. Gwajin Alhemo ma an tsaida shi a Maris 2020 bayan jini ya daskare wa mutum 3, ba a koma ba sai watan Agusta da sabbin ƙa'idoji. Ita kanta Hemlibra an gano tana da haɗari in an haɗa ta da wani tsohon maganin tsaida jini da yawa, aka rubuta gargaɗi a jikin takardarta. Wannan duk ba abin tsoratarwa ba ne, shi ne amfanin gwaji na gaskiya: a ga aibi, a faɗa, a tsaya, a gyara. Amma yana nuna mana cewa waɗannan allurai ba na saye a kan tebur ba ne, sai inda akwai lokotoro da ɗakin awon jini da za su riƙa bin mutum.

Maganar farashi

A nan ne gizo ke saƙa. Lokacin da Hemlibra ta fito a Amurka a 2017, kuɗinta na shekara guda ga mutum ɗaya ya haura dalar Amurka 400,000, wato sama da miliyon 200 na kuɗinmu na sefa. Hympavzi ta fito da farashin da ya kusa dalar Amurka 800,000 a shekara. Akwai ma wani magani na daban, mai gyara ƙwayar gadon kanta da ɗuri guda, Hemgenix, na masu ciwon B, wanda aka sa wa dalar Amurka miliyon 3 da rabi a 2022, wajen miliyar 2 ke nan na sefa. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu, wanda aka ɗaga zuwa jika 42 a 2024, in mutum zai tara shi bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 4,000 kafin ya biya wannan ɗuri guda.

Mu ƴan kasuwa mun san kayan da suka fi ƙarfin masu saye, a rumfa suke kwana. Haka ta faru ko a can. Kamfanin Pfizer ya fito da nasa irin wannan maganin gyaran gado a 2024 a kan farashi guda, amma a Fabrairu 2025 ya janye shi don babu masu nema. Wani kamfanin Amurka, BioMarin, ya taƙaita saida nasa ga ƙasashe 3 kawai a 2024. Mun kuma san farashin da aka rubuta ba shi ne farashin da ake sallamawa ba. Ƙasashen Turai ba su biyan kuɗin Amurka, tayi suke yi, domin suna zuwa da yawan masu ciwonsu a rubuce, su ce ga adadin da za mu ɗauka kowace shekara, nawa za ku bari? Mai sari da mai sayen ɗai-ɗai ba farashinsu guda ba.

To mu da wane adadi za mu je? Wani bincike da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta maza sama da miliyon 1 ke da emofili a duniya. A Afirka ta kudu da Sahara, waɗanda aka gano aka rubuta ba su kai 1 cikin 10 na adadin da ake zato ba. In muka bi lissafin da aka saba, na mutum 1 cikin 10,000, ƙasa mai mutane sama da miliyon 25 kamar tamu ya kamata a ce tana da wajen 2,500. Da yawansu ba su kai ga a ƙirga su ba, sun tafi tun suna ƙanana. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yin kasafi da shi, ba a yin tayi dominsa, ko kyauta aka zo rabawa ba a san da shi ba.

Kyautar kuwa akwai ta. Ƙungiyar masu emofili ta duniya, wadda aka kafa a 1963, tana raba magani ga ƙasashe marasa ƙarfi, kuma a 2019 kamfanin Roche ya yi alkawarin ba mutum 1,000 allurar Hemlibra ta hannunta. A Kodibuwar an bi wasu yara maza sama da 30 da suka samu wannan allura, zubar jininsu ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya, suka koma lakkol. A Indiya likitoci sun gwada ba da ƙasa da adadin da kamfani ya tsara don rage kuɗi, suka ga har yanzu tana kare yara sosai. Amma mutum 1,000 a duniya duka, ɗigo ne a cikin randa, kuma ƙungiyar ba ta aika magani sai inda akwai sunayen masu ciwo da likitocin da za su ba da bayanin yadda aka yi da shi. Sannan ga zafinmu: allurar a firigo take zama, in an fidda ta ba ta wuce kwana 7, shi ma sai in zafi bai kai digiri 30 ba. Wanda ya san watan Afrilu a Tawa, ya kuma san halin wutar lantarkinmu, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mu shiga gwaji ko mu guje shi?

Duk lokacin da aka ce gwajin magani a ƙasar Hausa, Kano ake tunawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani aiki da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe yaran. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyon 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya yi tsalle, ba mu ga laifinsa ba.

Amma muna da wasu misalan a gida. A gundumar Madarunfa, cibiyar bincike ta Epicentre da ke Maraɗi ta gwada rigakafin zawon yara kan jarirai sama da 3,500, aka bayyana sakamakon a 2017. Abin da aka nema da gangan shi ne maganin da ke jure zafi, wanda ba sai an ajiye shi a firigo ba, kuma OMS ta amince da shi a 2018. Haka rigakafin sanƙarau MenAfriVac, da aka ƙaddamar a Burkina Faso, Mali da Nijar a Disamba 2010: tun kafin a fara aikin, magabatan kiwon lafiya na Afirka suka ce ba za su iya sayen abin da ya wuce rabin dalar Amurka ba, wajen dala 50 na kuɗinmu, aka kuwa yi shi a Indiya a ƙasa da haka. Darasin a fili yake. Inda aka zauna da mu tun farko, an yi magani daidai zafinmu, daidai aljihunmu. Inda ba mu nan, an yi shi daidai na wasu.

Don haka ra'ayinmu shi ne kada mu guje wa gwaji, mu shiga da sharaɗi. A yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, ba takardar Faransanci a ce su dangwala ba. Kowa na da ikon ya ƙi, ko ya fita tsakiyar aiki, ba tare da an hana ɗansa kulawa ba. Kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike ya sa hannu kafin a taɓa ko yaro guda. In wani abu ya samu yaro, a san wanda zai ɗauki nauyi. Sannan babban sharaɗi ga irin wannan ciwo na har abada: in gwaji ya ƙare, kada a yanke wa yaran da suka shiga maganin. Yaron da ya yi shekara 2 yana gudu da ƙafafunsa, a mayar da shi kan tabarma don aiki ya ƙare, wannan zalunci ne.

Abin da ke hannunmu tun yau

Kafin allurar miliyoyi ta iso, akwai abin da ba ya cin ko dala. Na farko, tambaya. In lokacin sanyi ya zo ana shirin kaciya, uwa ta tuna: cikin ƴan'uwanta maza, ko kawunnanta, ko ɗiyan ƴan'uwanta mata, akwai wanda jini ya ƙi tsaya masa? Akwai wanda ya rasu bayan kaciya ko cire haƙori? Yaron nan da ya fara rarrafe, yana yawan yin baƙin tabo a jiki ba tare da an buge shi ba? Gwiwarsa na kumbura haka kawai? In ya ciji harshe ko ya yi famfara, jinin na kwana yana tsattsafowa? In amsar e ce ko sau guda, a dakata da aska, a tafi likita a nemi awon daskarewar jini, wanda ake kira TCA. Mai wannan ciwo ana iya yi masa kaciya, amma a likita, bayan an tanadi maganin tsaida jini. Jinkirin wata 6 bai kai rasa ɗa ba.

Na biyu, wanzamai. Su ne ke fara haɗuwa da waɗannan yara, wajen cire belu, tsaga, ƙaho da kaciya, tun kafin wani lokotoro ya gan su. Wanzamin da ya yi wa uwa waccan tambayar kafin ya buɗe zabira, ya ceci rai, ya kuma tsare mutuncin sana'arsa. Ya dace ma'aikatar kiwon lafiya ta zauna da sarakunan aska na kowace jaha a kan wannan. Haka kumburin gwiwar irin wannan yaro ba na sakiya ba ne, ba kuma na matsar maɗori ba.

Na uku, magungunan da ake yawo da su a tire cikin kasuwa. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara tsinka jini, ga mai emofili guba ne. In zafi ya dame shi, parasetamol ne nasa, kuma a guji yi masa allura a tsoka. Ku mata masu ɗauke da gadon, ku ma abin na iya taɓa ku: jinin al'ada mai yawa, ko zubar jini bayan haihuwa. In an san da ciwon a danginku, ku faɗa wa ungozomar likita tun wajen awon ciki, ku kuma haihu a likita.

Sauran aikin na magabata ne. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, a 2024 kuma an rage kuɗin likita da rabi a gidajen likitan gwamnati. Muna kira a sa awon daskarewar jini ya samu a manyan likitocin jahohi duka, kada sai mutumin Tanut ko Dakwaro ya saida akuya ya tafi Yamai. A buɗe kundi guda na ƙasa da za a rubuta duk wanda aka gano. Tunda OMS ta saka emicizumab cikin jerinta, a duba saka ta cikin namu jerin, a kuma haɗa kai da maƙwabta a yi tayi tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyalan masu ciwon su ma su haɗu su zama murya guda, kamar yadda muke yi a ƙungiyoyinmu na kasuwa in muna da koke. Alhazanmu masu taimako kuwa, firigo mai aiki da hasken rana a ɗakin ajiyar magani, ko na'urar awo guda a likitar jaha, alheri ne da za a daɗe ana cin moriyarsa.

Masu bincike sun yi nasu, sun nuna cewa yaron da aka haifa da wannan ciwo na iya girma da gaɓoɓinsa lafiya, ya yi karatu, ya yi kasuwanci, ya yi iyali. Farashi zai sauko wata rana, kamar yadda na maganin sida ya sauko bayan an yi ta fafutuka. Amma ran da ya sauko, waɗanda ke raye kuma sunansu ke cikin kundi su ne za su amfana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.